TAZARAR HAIHUWA DA HALIN DA MATASAN ZAWARAWA SUKE CIKI: BAYANI GA JAMA'AR JIHAR KANO

GABATARWA

Da wuya a yi wani taro a kan zamantakewar iyali a Jihar Kano, ko a masallaci ko a gidan rediyo ko a zauren mai unguwa, a tashi ba a taɓo maganar zawarawa ba. Galibin abin da ake tattaunawa shi ne yawan mutuwar aure da hanyoyin rage shi. Sai dai akwai wani ɓangare da ba kasafai ake tsayawa a kansa ba, wato halin da yarinya mai ƙananan shekaru take shiga idan ta dawo gaban iyayenta da 'ya'ya biyu ko uku, kusan kansu ɗaya, alhali ba ta da jari, ba ta kammala makaranta ba, uban yaran kuma ya janye jiki.

A wannan bayani za mu duba yadda haihuwa kusa da kusa take haɗuwa da talauci ta danne irin waɗannan iyaye mata, da abin da addini da likitoci suka ce game da tazarar haihuwa, da hanyoyin da ake da su a asibitocin gwamnati, da kuma abubuwan da suke hana mabuƙata kaiwa gare su. Manufarmu ita ce jama'a su sami sahihin bayani, domin kowane gida ya yanke shawararsa bisa sani.

SU WANE NE AKE MAGANA A KANSU?

Waɗanda muke nufi su ne mata 'yan ƙasa da shekara 25 da ɗawainiyar 'ya'ya ta koma wuyansu. Daga cikinsu akwai wadda aka saka, da wadda Allah ya yi wa mijinta rasuwa, da wadda mijinta ya tafi cin rani shekara da shekaru babu aike babu saƙo, da wadda rikicin 'yan bindiga ko na Boko Haram ya koro daga garinsu ta shigo Kano da goyo. Akwai kuma 'yan kaɗan da ƙaddara ta faɗa musu suka haihu ba tare da aure ba, wasu ma ta hanyar fyaɗe. Dalilan sun bambanta, amma buƙatar ɗaya ce: abinci da magani da karatun yara, da lafiyar uwar da za ta nemo su.

ABIN DA ƘIDIDDIGA TA NUNA

Binciken yawan jama'a da lafiyarsu wanda Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa ta gudanar a shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 19 cikin 100 na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 a Nijeriya sun riga sun haihu ko suna ɗauke da cikin fari. A karkara adadin ya kai kashi 27, a birane kuwa kashi 8 ne. Idan aka duba ta fuskar ilimi, a cikin waɗanda ba su yi makarantar boko ba kashi 44 ne suka fara haihuwa a waɗannan shekaru, amma a cikin waɗanda suka wuce sakandare kashi 1 ne kawai. Haka nan ta fuskar wadata: kashi 37 a gidajen da suka fi talauci, kashi 3 a gidajen da suka fi wadata.

Binciken ya kuma nuna cewa kashi 12 cikin 100 ne kacal na matan aure suke amfani da hanyoyin tazarar haihuwa na asibiti, kuma ko a nan ma rabon bai zo daidai ba. A gidajen masu hali kashi 22 ne, a gidajen talakawa kuwa kashi 4. Bugu da ƙari, kashi 19 na matan aure sun bayyana cewa suna son su huta ko su dakata da haihuwa, amma ba sa amfani da kowace hanya. A binciken da ya biyo baya, na 2023 zuwa 2024, masu amfani da hanyoyin asibiti sun ƙaru zuwa kashi 15, wanda ci gaba ne, amma da sauran tafiya kafin a kai kashi 27 da Gwamnatin Tarayya ta yi alƙawarin cimmawa a shekarar 2030.

Ta ɓangaren talauci kuwa, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana a shekarar 2022 cewa mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin 100 na 'yan Nijeriya, suna fama da talaucin da ya haɗa da rashin abinci da lafiya da ilimi da muhalli, kuma kimanin miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. Idan aka jera waɗannan alƙaluma za a ga cewa gidan da ya fi ƙarancin abin hannu shi ne yarinyarsa take fara haihuwa da wuri, kuma ita ce ta fi nisa da hanyar samun hutu tsakanin haihuwa da haihuwa.

YADDA HAIHUWA KUSA DA KUSA TAKE ƘARA TALAUCI

Abin yana farawa ne tun a ɗakin miji. Yarinyar da aka aurar tana shekara 15 ko 16, idan tana yin kunika, wato tana samun ciki alhali tana shayarwa, kafin ta cika shekara 21 sai a iske tana da 'ya'ya uku. A tsawon wannan lokaci daga ciki sai jego, daga jego sai laulayi, don haka babu sararin komawa makaranta ko zama a koyi ɗinki ko saƙa. Idan auren ya mutu a wannan gaɓa, za ta fito ne da nauyin da ya fi ƙarfinta, ba ta kuma riƙe da abin da za ta ɗauke shi da shi.

Idan ta dawo gida, abin da yake gabanta shi ne ƙananan sana'o'in cikin gida, kamar suyar ƙosai da awara, ko ƙuli-ƙuli, ko ɗinkin hula, ko kitso da ƙunshi, ko wankau da surfe, ko kuma aikatau a gidajen masu hali. Duk waɗannan sana'o'i suna buƙatar lafiyar jiki da lokaci, kuma jarinsu ƙarami ne, ribarsu ta yini ce. Ciwon yaro na mako guda ya isa ya cinye jarin baki ɗaya, ya kuma karya zubin adashi. Masu ɗaukar 'yan aiki ma ba kasafai suke karɓar mai goyo da wani a hannu ba.

Daga nan sai nauyin ya gangara kan yara. Babbar 'yar ita ce za ta ɗauki farantin talla ko ta zauna raino, karatunta ya tsaya. Namijin a kai shi wurin kaka ko a tura shi almajiranci tun bai isa ba. Ita kuwa uwar, saboda matsin da take gani a gidan iyayen da su ma da ƙyar suke ci, sai ta amsa auren duk wanda ya fara sallama. Sabon miji yana son ya ga nasa, don haka ciki yakan biyo baya cikin 'yan watanni, ko da kuwa ba ta yaye na baya ba. Idan shi ma wannan aure bai yi ƙarko ba, ta sake fitowa da ƙarin 'ya'ya, kowanne da ubansa, wasu suna zaman agolanci, wasu an rarraba su a dangi. Ita kuma 'yar da aka cire daga makaranta, nan da 'yan shekaru za a aurar da ita, ta bi sawun uwarta.

Ya kamata mu faɗi gaskiya cewa tazarar haihuwa ita kaɗai ba ta kawar da talauci, domin ba ta ba da jari, ba ta kuma tilasta wa uba ya ciyar da 'ya'yansa. Amfaninta shi ne tana bai wa uwa shekara biyu ko uku na lafiya da sarari, waɗanda a cikinsu ne jari da karatu da koyon sana'a za su iya yin tasiri.

ILLAR DA KE GA LAFIYAR UWA DA JARIRI

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a bar aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a ɗauki wani ciki, da aƙalla wata 6 bayan ɓari. Dalili kuwa shi ne jikin mace yana buƙatar lokaci ya mayar da jinin da sinadaran da ciki da shayarwa suka ɗiba. Idan ciki ya zo kafin haka, haɗarin ƙarancin jini ga uwa yana ƙaruwa, haka nan haɗarin haihuwar bakwaini ko jariri marar nauyi. Shi kuma na goye akan yaye shi ba shiri, abin da yakan jefa shi cikin gudawa da tamowa.

Binciken 2018 ya nuna cewa a cikin kowane yara 1,000 da aka haifa ƙasa da shekara biyu bayan na gabansu, 183 ba sa kaiwa shekara biyar a duniya, amma idan tazarar ta kai shekara huɗu ko fiye adadin yakan sauka zuwa 83. Ya kuma ƙiyasta cewa mata 512 suke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000 a ƙasar nan. Iyaye mata 'yan ƙasa da shekara 20 sun fi na gaba da su fuskantar jijjiga da cututtukan bayan haihuwa. Doguwar naƙuda ba tare da an kai asibiti da wuri ba ita ce babbar mai jawo yoyon fitsari, kuma duk wanda ya san sashen masu wannan lalura na Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad, ko cibiyar Babbar Ruga da ke Katsina, ya san cewa da yawa daga cikin masu jinyar ƙananan mata ne, kuma da dama lalurar ce ta raba su da ɗakunansu.

MATSAYIN ADDINI DA AL'ADA

Ba da tazara tsakanin haihuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Iyayenmu sun san goyon ciki da zaman wankan jego a gida, sun kuma san shayarwa har kusan shekara biyu, kuma a da abin kunya ne a ce mace ta yi kunika. Abin da ya canja shi ne zaman birni da ƙuncin muhalli sun rage waɗannan al'adu, ba a kuma maye gurbinsu da wani abu ba.

A aya ta 233 ta Suratul Baƙara an ambaci shekara biyu cikakku a matsayin lokacin shayarwa ga wanda yake son cikawa, an kuma ɗora ciyarwa da tufatarwa a kan uban yaro. Ya kuma inganta daga Sahabi Jabir ɗan Abdullahi, Allah ya ƙara masa yarda, cewa Sahabbai sun kasance suna yin azalu a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A kan wannan ne malamai da dama suka yi ƙiyasin hanyoyin zamani na wucin gadi. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a shekarar 1988, ta yanke cewa ya halatta ma'aurata su ba da tazara ko su dakata na wani lokaci idan akwai buƙatar da shari'a ta yarda da ita, bisa shawara da yardar juna, muddin babu cutarwa kuma ba a taɓa cikin da ya riga ya shiga ba. A wannan zama kuma ta haramta kashe ƙwayar haihuwa ɗungurungum sai bisa larura, ta kuma ce bai halatta hukuma ta kafa dokar ƙayyade wa ma'aurata yawan 'ya'yan da za su haifa ba. Saboda haka ne ake kiran wannan shiri da tazarar haihuwa, kuma babu wanda ake ƙayyade wa yawan iyalinsa.

Har ila yau, a Mazhabar Malikiyya uwa ce ta fi cancanta da renon 'ya'ya bayan rabuwa, namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin mijinta, matuƙar sharuɗɗan renon sun cika, amma ciyarwa tana nan a wuyan uba. Mai ciki kuwa iddarta ba ta cika sai ta haihu, kuma ɗawainiyarta a wannan lokaci tana kan wanda ya sake ta. Duk uwar da aka bar wa yara babu ci babu sha tana da damar kai kuka ga Hukumar Hisba ko kotun shari'ar Musulunci.

HANYOYIN DA AKE DA SU A ASIBITI

Tun daga shekarar 2011 Gwamnatin Tarayya ta mayar da magungunan tazarar haihuwa kyauta a asibitocin gwamnati. A shekarar 2014 kuma aka amince da tsarin da ya bai wa jami'an lafiya na matakin farko da suka sami horo damar yin allura da sanya ashanar hannu, domin kada sai an je babban asibiti. Hanyoyin da aka fi sani su ne:

1. Shayar da nono zalla. Tana hana ɗaukar ciki idan sharuɗɗa uku sun haɗu: jariri bai kai wata 6 ba, nono kaɗai yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Da zarar ɗaya ya faɗi, sai a nemi wata hanyar.

2. Ƙwayoyi. Ana sha kullum a kan lokaci. Akwai nau'in da ya dace da mai shayarwa, don haka a tambayi ma'aikaciyar lafiya kafin a fara.

3. Allura. Akwai ta wata 2 da ta wata 3. Akwai kuma mai suna Sayana Press, wadda ake koya wa mace ta riƙa yi wa kanta a gida duk wata 3.

4. Ashanar hannu. Ana sanya ta a ƙarƙashin fatar damtse. Implanon tana aiki shekara 3, Jadelle shekara 5, kuma ana iya cirewa a duk lokacin da mai ita ta buƙata.

5. Robar mahaifa. Mai jan ƙarfe tana kaiwa shekara 10. Ana iya sanya ta cikin awa 48 da haihuwa, ko kuma bayan mako 4.

6. Kwaroron roba. Shi kaɗai ne yake haɗa hana ɗaukar ciki da kariya daga cututtukan da ake ɗauka ta saduwa.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da take jawo rashin haihuwa na dindindin. Gaskiya ne allura da ashana sukan canja yanayin al'ada, ko ta riƙa ɗigowa, ko ta yi yawa, ko ta ɗauke, kuma bayan barin allurar wata 3 akan ɗauki wasu watanni kafin a sami ciki. Duk wadda ta ga abin da bai kwanta mata ba ta koma inda aka ba ta, a duba ta ko a canja mata wata hanyar. Mai hawan jini ko ciwon hanta ko wata lalura ta faɗa tun farko, domin ba kowace hanya ce ta dace da kowa ba. Muna gargaɗi game da sayen allura ko ƙwayoyi a hannun 'yan talla, da dogaro da guru ko jiƙe-jiƙen da ba a san abin da suka ƙunsa ba.

Wadda aka yi wa fyaɗe kuwa a gaggauta kai ta asibiti, domin maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki na gaggawa kuma cikin kwana 5. Cibiyar Waraka da aka buɗe a Asibitin Murtala Muhammad don irin wannan aiki aka kafa ta.

ABUBUWAN DA SUKE HANA MATASAN ZAWARAWA AMFANA

Na farko shi ne tsoron bakin mutane. Bazawarar da aka gani a layin tazarar haihuwa tana gudun a yi mata mummunar fassara, alhali tana iya kasancewa ta zo ne a duba ashanar da aka sanya mata tun tana ɗakin miji, ko a cire mata, ko kuma tana shirin sabon aure ko kome da jariri a baya, tana son ta san abin da za su tattauna da mijin. Na biyu shi ne halin wasu ma'aikata da suke tsare mace da tambayoyi a gaban jama'a, ko su sallame ta saboda ƙuruciyarta. Na uku kuɗin mota ne da asarar cinikin yini, da kuɗin kati ko safar hannu da akan nema a wasu wurare duk da cewa maganin kansa kyauta ne. Na huɗu shi ne yankewar kaya a asibiti, matsalar da ta ƙara fitowa fili bayan da Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji ga ƙasashen waje a shekarar 2025, wadda ta daɗe tana cikin manyan masu tallafa wa wannan fanni. Wannan ya nuna wajibcin gwamnatocin tarayya da jihohi su riƙa ware kuɗin kayan daga aljihunsu, su kuma sake su a kan kari.

MATAKAN DA AKA ƊAUKA A JIHAR KANO

Jihar Kano ta fara shirin kula da masu juna biyu kyauta a shekarar 2001. A shekarar 2003 aka kafa Hukumar Zakka da Hubusi domin tallafa wa mabuƙata. A shekarar 2012 Hukumar Hisba ta fara shirin auren zawarawa, kuma a watan Oktoba na 2023 Gwamnatin Injiniya Abba Kabir Yusuf ta ɗaura auren mutum 1,800 da amarensu, tare da kayan ɗaki da jarin fara sana'a. A shekarar 2024 aka sanya hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure. Wannan gwaji dama ce da ya kamata a yi amfani da ita, ta yadda ango da amarya, musamman idan amaryar tana da ƙaramin goyo, za su ji bayanin tazarar haihuwa tare tun kafin tarewa.

Ta fuskar ilimi, Hukumar Ilimin Manya ta jiha, wadda aka kafa a shekarar 1980 zamanin Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi, tana da makarantun mata inda matan aure da zawarawa suke komawa karatu da koyon sana'a. Wannan ita ce ƙofar da ta fi kusa ga yarinyar da aure ya katse wa makaranta.

KIRA GA JAMA'A

Muna kira ga magidanta da su riƙa raka iyalansu asibiti su ji bayani da kunnensu, su kuma tuna cewa saki yana warware igiyar aure ne kawai, haƙƙin ciyar da 'ya'ya yana nan. Muna kira ga iyaye da kada su matsa wa 'yarsu ta yi aure da ɗanyen goyo don a rage baki a gida, su ba ta dama ta yaye, ta kama sana'a ko ta koma aji. Wanda kuma zai auri bazawara mai goyo, ya yi wa marayan ko agolan adalci ya bari ya sha nononsa ya ƙoshi.

Haka nan muna roƙon malamai da limamai da masu unguwanni da ungozomomi su ci gaba da wayar da kan jama'a a kan bambancin tazara da ƙayyadewa. Su kuma ma'aikatan lafiya su riƙe amanar sirrin duk wadda ta zo gabansu, su saurare ta cikin mutunci. Ga matasan iyaye mata kuwa, neman bayani ba ya buƙatar kuɗi. Duk ranar da aka kai yaro rigakafi ko awon nauyi a asibitin da ya fi kusa, a tambayi ma'aikaciyar da take kula da tazarar haihuwa. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya, ya raya mana zuriyarmu bisa tafarki nagari, amin.